Sabon Fad, Sabon Faifai, Amma Birki Yana Ɗaukar Zafi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da direbobin a-kori-kura da na motar Kanta da masu manyan motoci suka fi yi min bayan an yi musu aikin birki. Mutum ya kashe kuɗinsa, an sa masa sabon fad da sabon faifai, wanda wasu ke kira diski, ya bar gareji hankalinsa kwance, bai yi nisa ba sai ƙauri ya fara shigowa ta taga. Abu ɗaya nake so a riƙe tun daga farko: birkin da ke ɗaukar zafi alhali ba a taka shi ba, kamawa ya yi bai saki ba. Aikinmu shi ne gano inda aka riƙe shi, kuma yawancin gwaje-gwajen da ke nuna wurin ba sa cin ko sisin kwabo.

Jiya aka canza min, yau ina jin ƙauri kamar ana ƙona roba. In koma gareji?

Dakata tukuna. Fad haɗi ne na garin ƙarfe da zare da wasu sinadarai, an cuɗe su da wani irin ƙaro an matse da wuta. Karon farko da ya ji zafi sosai, ƙaron yana ƙarasa dahuwa, sai ya yi wari, wani lokacin har da siririn hayaƙi. Shi ma sabon faifai yakan zo a shafe da mai don kada ya yi tsatsa a shago, kuma idan bakanike bai wanke shi ba kafin ya ɗaura, man zai ƙone. Irin wannan ƙauri bayan taka birki da ƙarfi yake zuwa, daga dama da hagu daidai wa daida, kuma kullum raguwa yake yi. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya ɓace.

Wanda zai mayar da kai gareji daban yake. Ka yi doguwar tafiya a miƙaƙƙen titi ba ka taɓa birki ba amma ƙaurin yana nan. Ko taya ɗaya ta fi 'yar uwarta zafi nesa ba kusa ba. Ko motar ta yi nauyi kamar an ƙara mata lodi, kana ɗaga ƙafa daga totur ta ja baya da kanta, mai kuma ya fara tafiya fiye da yadda ka saba. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba sabunta ba ce.

Ba ni da na'urar auna zafi. Ta yaya zan gane tayar da ke riƙewa?

Nemi titi mai faɗi da babu cunkoso, ka yi tafiyar kilomita biyar zuwa goma ba tare da matsa wa birki ba. In za ka tsaya, rage gudu da giya, ka taɓa birki kaɗan a ƙarshe. Sauko ka zaga motar kana kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowane wili. Kusa na ce, kada ka taɓa faifan, domin faifan da ya riƙe yana iya saɓule fatar yatsa kafin ka ankara. Tayar da ke da matsala za ka ji hucinta a fuskarka tun kafin ka sunkuya, kuma sau da yawa wilinta ya fi sauran baƙin gari.

Akwai na'urar da ake nunawa daga nesa kamar bindiga ta faɗi zafi, kuma kowane gareji ya kamata ya mallaki guda. Amma irin wadda aka riƙa nuna wa goshin mutane lokacin korona ba za ta yi ba, iyakarta zafin jiki. Ko da na'urar ma, abin dubawa shi ne bambancin dama da hagu a kan gatari ɗaya. Gaba ya fi baya zafi, wannan haka aka yi motar. Dama ta ninka hagu, wannan ciwo ne.

Sitiyari ma yana ba da labari. Birkin da ke riƙewa yana jan mota zuwa ɓangarensa lokacin da kake tafiya. Idan ya yi zafi har ya gaji, kana taka birki sai motar ta fizga zuwa ɗaya ɓangaren, saboda mai lafiyar ne kaɗai ke aiki. Mutane da yawa a nan suke rikicewa, su je su kwance ɓangaren da ba shi da laifi.

Da tsohon fad ɗina babu abin da nake ji. Ba sabon kayan ne marasa kyau ba?

Wannan ce tambayar da ta fi jawo rigima tsakanin direba da bakanike da mai shago, kuma galibi an bar jaki ne ana dukan taiki. Akwai kaya marasa kyau a kasuwa, ban musa ba, zan zo kansu. Amma a mafi yawan motocin da na kwance, sabon fad tona asirin tsohon ciwo kawai ya yi.

Ga yadda abin yake. A cikin kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifai yana matsa fad a kansa, babu wani sifirin da ke dawo da fistin da ke tura fad baya. Abin da ke dawo da shi wata zoben roba ce da ke kewaye da shi. Idan ka taka birki, fistin ya fito, robar takan ɗan lanƙwashe ta bi shi, kana saki ta miƙe ta jawo shi baya. Jawowar ba ta kai kaurin farce ba. Iyakar ratar da ke tsakanin birki mai lafiya da birki mai ƙonewa ke nan, saboda haka ƙaramin abu ya isa ya cinye ta.

Shekara biyu ko uku fad yana cinyewa, fistin yana ta fitowa waje a hankali. Bakinsa da ya fito, idan robar da ke kare shi daga ƙura ta yage, ya sha ruwan damina, ya sha ƙurar hunturu, ya yi tsatsa. Ranar da za a sa sabon fad mai kauri da sabon faifai mai kauri, dole a danna fistin ya koma ciki gaba ɗaya. Wurin da ya yi tsatsar nan shi ne yanzu ya zauna a kan robar. Ƙarfin ƙafarka da na man birki ya isa ya turo shi waje, amma ƙarfin 'yar robar bai isa ya dawo da shi ba. Sai ya tsaya a matse. Da tsohon fad akwai wadatar fili, ciwon yana kwance. Da sabo babu sauran fili.

Shi ya sa idan ana danna fistin nake so yaro ya lura da hannunsa. Mai lafiya yana tafiya sumul da matsakaicin ƙarfi. Wanda sai an sa dogon ƙarfe an hau kansa, ya riga ya faɗa maka abin da zai yi gobe.

Taya ɗaya ce ke zafi. Daga ina zan fara kafin in sayi wani abu?

Fara da gwajin notin bilidin, wato ɗan notin da ke jikin kalifa da ake buɗewa a fitar da iska daga birki. A duk aikin birki ban san gwajin da ya fi shi rage asara ba.

Yi shi lokacin da matsalar take kai, wato motar ta dawo daga tafiya da zafinta. Tsaya a wuri mai daidai, sa katako gaba da bayan tayar da ke ƙasa, ɗaga ɓangaren da jak, ka tokare da abu mai ƙarfi. Kada ka amince wa jak shi kaɗai. Taka birki da ƙarfi sau biyar ko shida, ka saki, sannan ka juya tayar da hannu. Mai lafiya za ta juya da ɗan sautin shafa, shuu shuu. Mai riƙewa sai ka sa hannu biyu, wani lokacin ma ta ƙi.

Yanzu ɗauko sifana, galibi mai lamba 8 ko 10, ka kawar da fuskarka domin man yana da zafi, ka ɗan buɗe notin bilidin na wannan kalifa, ka rufe nan take. Abu biyu ne zai faru.

Idan mai ya yi tsartuwa da ƙarfi, tayar kuma ta saki ta koma juyawa da yatsa ɗaya, kalifarka lafiyarta ƙalau. Man ne ya shiga ya kasa komawa, wani abu a sama ya tare masa hanya. Sai ka rufe, ka sake taka birki har ta kama, amma wannan karon ka sassauta notin bututun a jikin masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi. Idan ta saki daga can, laifin yana masta ko abin da ke tura ta. Idan ba ta saki daga masta ba sai daga kalifa, abin da ya tare yana tsakani, kuma kusan kullum tiyon roba ne.

Idan kuwa ka buɗe notin, mai ya ɗiga kaɗan, tayar tana nan a cije, to ba maganar mai ba ce. Ƙarfe ne ya maƙale: fistin, ko ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu, ko fad ɗin kansa a mazauninsa.

Duk wannan bai fi minti ashirin ba. Bayan ka gama ka duba man da ke cikin tulun man birki, ka tabbata feda tana da tauri kafin motar ta motsa.

Tiyon nawa ba ya yoyo, ba ya da tsaga. Ta yaya zai zama shi ne?

Daga ciki yake mutuwa. Ramin da mai ke bi a cikin tiyon birki kamar milimita uku ne kawai, kuma an yi tiyon hawa-hawa, roba a ciki, saƙar zare a tsakiya, roba a waje. Idan ta cikin ta ɓare ko ta kumbura, sai ta zama kamar ƙyauren da ke buɗewa ta hanya ɗaya. Mai zai wuce da ƙarfin ƙafa, dawowa ce ba zai yi ba sai a hankali.

An taɓa kawo min wata a-kori-kura mai jigilar albasa da tayar gaba ta hagu tana hayaƙi. Kafin ta zo wurina an canza kalifa har sau biyu, an kuma sa fad na biyu cikin mako ɗaya, mai motar idonsa ya yi ja saboda kashe kuɗi. Na buɗe notin bilidin, mai ya harba har kan takalmina, tayar da yara biyu suka kasa juyawa ta soma wulwulawa ita kaɗai. Da muka cire tiyon, daga waje baƙi ne sumul, sai wasu 'yan tabon haƙora biyu a tsakiyarsa. Na sa reza na tsaga shi a tsaye a gaban mai motar. Daidai ƙarƙashin tabon, robar ciki ta ɓare ta kwanta kamar harshe, ta rufe ramin. Wani ne ya matse tiyon da filaya don kada mai ya zuba lokacin da ake aiki. Kuɗin tiyon bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da bawan Allah ya riga ya kashe ba, kuma har yau abin yana yi min ciwo idan na tuna.

Hanyoyi uku ake kashe tiyo ranar canjin fad: a matse shi da filaya, a bar kalifa tana reto a jikinsa maimakon a rataye ta da waya, ko a mayar da kalifa bayan ta juya sau ɗaya, tiyon ya murɗe. Yawancin tiyo suna da layi ko rubutu a jikinsu. Bi layin da ido, idan ya yi murɗiyar igiya, kwance ka gyara. In za a canza, a canza dama da hagu tare, shekarunsu ɗaya.

Na buɗe notin, tayar ba ta saki ba. Kalifa zan saya?

Duba abu biyu tukuna. Na farko mazaunin fad. Kunnuwan fad suna zaune ne a kan wasu siraran ƙarafa, kuma tsatsa takan taru a ƙarƙashinsu ta tura su sama. Sai sabon fad ya ƙi shiga, yaro ya ɗauko guduma. Fad ɗin da aka shigar da guduma ba zai taɓa sakin faifai ba. Ya kamata ya zame gaba da baya da yatsa. A cire ƙarafan, a kankare tsatsar da burushin ƙarfe ko fayil har farin ƙarfe ya fito. A nan ne kayan araha ke nuna halinsu: wani fad ɗin yana zuwa da kunnuwa masu kaushi, ko fenti ya yi masa kauri, ko ma ba girman motar ba ne, kama kawai suka yi. Ɗora sabo a kan tsoho ka gwada tun a shago. A wasu motocin na ciki da na waje ba iri ɗaya ba ne, ana iya musanya su bisa kuskure.

Na biyu ƙusoshin zamiya. Kowace ta shige ta fito da hannu ba gardama. Idan ɗaya ta bushe, kalifa za ta karkace, fad ɗaya ya cinye ɗaya ya zauna. Kuma a yi hattara da giris. Na boris da baƙin mai suna kumbura robar ƙusa, bayan 'yan makonni ta cije fiye da da. Giris na musamman na birki ake sawa, mai silikon, kuma kaɗan, domin idan aka cika ramin ƙusar ba za ta iya shigewa ƙarshe ba.

Masu Land Cruiser da yawancin Hilux masu fowil su lura, kalifarsu ta gaba ba ta zamewa, a ɗaure take, tana da fistin huɗu, biyu ciki biyu waje. Ɗaya kaɗai ya maƙale ya isa. Alamarsa fad ya cinye a karkace kamar bakin gatari. Idan jikin fistin ya yi ramuka, samfefa ba za ta cece shi ba, sai sabon fistin da sababbin robobi, ko wata kalifar.

Ni tayoyin gaba duka biyu ke zafi, kuma sai na yi nisa abin ke tsananta.

Idan biyu ne ko huɗu, bar wajen taya ka buɗe bonet. Abin da ya haɗa su shi ne masta.

A cikin masta akwai wani ɗan rami kamar na allura da mai ke bi ya koma tulu idan ka ɗaga ƙafa. Idan ramin ya toshe, ko fistin ɗin masta bai dawo har ƙarshe ba ya rufe shi, man ya zama a kulle. Da safe babu komai. Kana tafiya man ya ɗumama ya kumbura, ba shi da wajen zuwa sai ya tura fad. Fad ya shafi faifai, zafi ya ƙaru, man ya ƙara kumbura. Haka abin ke ciyar da kansa har motar ta tsaya cik a tsakiyar titi. Ka huta rabin awa ta saki, ka ɗauka aljanu ne.

Fara da mafi sauƙi. Lokacin da tsohon fad ke cinyewa man cikin tulu yana sauka, mutane kuma su yi ta ciko. Ranar da aka danna fistin baya, duk man ya dawo sama, tulu ya cika maƙil har murfi. A zuƙe shi ya dawo kan layin da aka zana. Sannan ka taɓa feda da yatsa: dole ta yi ɗan wasa na milimita kaɗan kafin ta fara tura wani abu. Idan babu wasan, duba makunnin fitilar birki da ke saman feda, domin idan an murɗa shi ya shigo da yawa yana hana feda dawowa. Duba har tabarmar ƙasa. Idan an taɓa canza masta ko busta, wato baƙin tulun da ke bayanta, mai yiwuwa sandar da ke tsakaninsu ta yi tsawo. Gwajinta: lokacin da birkin ya cije, sassauta notuna biyun da suka ɗaure masta, ka bar ta ta ɗan matso gaba. In tayoyin suka saki, ka kama ɓarawon.

Sai mafi muni. Ciro murfin tulun ka kalli robar da ke ƙarƙashinsa. Idan ta kumbura ta yi laushi ta ƙi komawa mazauninta, an zuba wa birkin man da ba nasa ba, man sitiyari ko na giya ko baƙin mai, ko an ɗura da mazurarin da ya taɓa su. Abin da ya sami wannan robar ya sami duk robobin da ke cikin birkin. Wanke bututu kawai ba ya warkar da shi, sai an canza duk wani abu mai roba.

Na baya ne ke zafi.

Tuhumi hambirki da farko. Wayarsa takan yi tsatsa ta ƙi komawa. A motocin da ke da faifai a baya, wasu suna da ƙaramin durom a cikin faifan da nasa shu, wato fad ɗin durom, na hambirki. In an sa sabon faifai ba a sake saita shu ɗin ba, zai yi ta shafa. Wasu kuma fistin ɗinsu na baya murɗa shi ake yi ya koma, ba dannawa ba, kuma tsagar fuskarsa sai ta dace da ɗan ƙullin da ke bayan fad.

Ko dai boris ne?

Yana iya zama, musamman a motocin da sai an cire hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, gaba ɗaya kafin faifan gaba ya fita. Idan wurin mayarwa aka ɗaure notin boris fiye da kima, ko aka yi rowar giris, zafi zai tashi. Bambancin shi ne zafin boris daga tsakiyar hob yake farawa, faifan bai kai shi ba, kuma yakan zo da gurnani da ke ƙaruwa da gudu. Cire kalifa ka rataye ta, ka juya hob shi kaɗai. In har yanzu yana da nauyi ko kana jin ƙaiƙayi a hannu, birki ba shi da laifi. A tuna kuma birkin da ya daɗe yana ƙonewa yana narkar da giris ɗin boris, don haka bayan an gyara birkin a leƙa shi.

An ɗaga motar, duk tayoyin suna juyawa lafiya. Amma da lodi a gangara birkin yana ƙauri.

To birkinka yana saki, aiki ne ya yi masa yawa. Birki ba ya yin komai sai mayar da gudu zafi. Mota da lodinta tan 3, tana kilomita 100 a awa, tsayawa ɗaya tak tana zuba wa birki zafin da ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita uku da rabi. Ninka nauyin, zafin ya ninka. Ninka gudu, zafin ya ninka sau huɗu.

Tambayar farko: na baya yana taimakawa kuwa? Yawancin a-kori-kura durom ne a bayansu. An sabunta gaba, an bar shu na baya a sake, sai gaba ya ɗauki kayan mutum biyu. Akwai kuma wani bawul a tsofaffin a-kori-kura, a ƙasa kusa da gatarin baya, da sanda ta haɗa shi da gatarin. Idan lodi ya danne motar, sandar ta buɗe shi, a ƙara wa birkin baya ƙarfi. Mu kuma mun saba ƙara sifirin don motar ta ɗauki kaya. Da zarar an ƙara, motar ta daina zama ƙasa, bawul ɗin yana ganin babu lodi ko da buhu talatin ne a kai. Ban cika ganin wanda ya sake saita shi bayan ƙarin sifirin ba.

Tambaya ta biyu ta tuƙi ce. Duk wanda ya sauko Hawan Kibo daga Jos zuwa Akwanga, ko ya gangaro daga tsaunin Mambila, ya san wurin da ƙaurin birki ke tarbar mutum. Ka sa ƙaramar giya tun kana sama, kafin motar ta ɗauki gudu, injin ya riƙe ta. In gudun ya ƙaru, taka da ƙarfi na ɗan lokaci, ka saki gaba ɗaya birkin ya sha iska. Ɗora ƙafa a hankali tun daga sama har ƙasa shi ke dafa fad. Sakin mota a firi don tsimin mai kuwa, ina roƙon direbobi don Allah su bari, rayuka da yawa sun tafi ta nan.

Ka kuma san irin gajiyar da birkin ya yi. Feda da tauri amma mota ba ta tsayawa, fad ne ya yi zafi. Feda ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, man ne ya tafasa.

Wane man birki zan zuba?

Wanda aka rubuta a murfin tulun, wato lambar DOT da ke nuna ajin man. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana shan ruwa daga iska, kuma idan ruwan ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 yana iya saukowa zuwa 140, DOT 4 zuwa 155. Shi ya sa ake canza shi duk bayan kamar shekara biyu, kuma ba a amfani da ragowar kwalbar da ta daɗe a buɗe. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da sauran. Wanda ya taɓa zuba ruwan sabulu a hanya don ya kai gida, ya sani ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana cin fistin da tsatsa.

Idan ya yi hayaƙi a hanya, in watsa masa ruwa?

A'a, sai dai in wuta ce ta kama. Faifai ƙarfen zubi ne, ruwan sanyi a kan zafi yana tsaga shi ko ya lanƙwasa shi. Tsaya nesa da busasshiyar ciyawa, sa giya da katako a maimakon hambirki, ka ba shi lokaci. Kada kowa ya tsaya a gefen tayar, domin tayar da ta sha zafi tana iya fashewa ko bayan an tsaya.

Tawa babbar mota ce mai birkin iska. Bayanin nan ya shafe ni?

Tushensa ɗaya ne, hanyar ce ta bambanta. Faifai ya daɗe da shigowa manyan motocin Turai. Actros ta kamfanin Mercedes ta fito da shi tun 1996. A irin wannan kalifa akwai abin saiti da ake mayarwa baya kafin a sa sabon fad, sannan a dawo da shi a bar rata ta kusan milimita ɗaya, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. A ƙure shi babu rata, tayar za ta ƙone tun kafin a fita gari. Kalifar kuma dole ta zame da hannu a kan ƙusoshinta.

Ɓangaren iska kuwa, birkin ajiye mota sifirin ne ke kama shi, iska ce ke sakinsa. Idan iska ta yi ƙasa ko tukunyar birkin da sifirin ke ciki tana yoyo, zai saki rabi ya riƙe rabi. Bawul ɗin da ruwa da mai suka cika ma yakan yi jinkirin fitar da iska. A riƙa tsiyaye tankunan iska. Kuma idan birkin bodin tirela ya mutu, kan motar ne zai riƙa tsayar da komai shi kaɗai, ko nawa za a canza masa fad.

An gano matsalar an gyara. Fad da faifan da suka sha wuta fa?

Ciro su ka duba da rana. Fad ɗin da fuskarsa kawai ta yi ƙyalli kamar gilashi, ana iya goga shi a kan samfefa da aka shimfiɗa a wuri mai daidai. Wanda ya tsattsage, ko gefensa ke marmashewa, ko ya fara rabuwa da ƙarfen bayansa, a jefar, kuma dama da hagu tare ake canzawa. Faifan da ya ɗan sauya launi yakan ci gaba da aiki. Wanda ya yi tabon shuɗi nan da can, ko tsaga ta kai bakinsa, ko yake sa feda bugun zuciya, ya gama. In za a kai shi a fere, a duba mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa. Man wannan layin a zubar a sa sabo, robar ƙurar kalifa ma a duba ko ta ƙone.

Wurin mayarwa a goge fuskar hob tas, domin ɓarɓashin tsatsa ɗaya a bayan faifai ya isa ya sa shi rawa. Notunan taya a ɗaure su a tsallake-tsallake, da ma'aunin da ya dace, ba a sa dogon bututu a hau da ƙafa ba.

Daga nan sai zaunar da fad. Kafin motar ta motsa, taka feda har ta yi tauri. A titin da babu kowa, motar babu lodi, ka kai kilomita 60 a awa, ka taka da matsakaicin ƙarfi zuwa kamar 10, kada ka tsaya cik, ka sake hawa. Yi haka sau takwas zuwa goma. Sannan ka yi tafiyar minti goma ba tare da birki ba don ya huce. Ka dawo ka ɗaga gaban motar da zafinta, ka juya dama, ka juya hagu. Idan nauyinsu ɗaya a hannunka, je ka ɗauki lodinka.